Inda Jirgi Ya Sauke Kaya: Tarihin Gardamar Tashoshi da Rabon Ƙasar Kankiya

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a taɓa shimfiɗa dogo ta ƙasar Kankiya ko ta Kusada ba. Duk da haka babu manomin Kunduru, ko na Gyaza, ko na Yashe wanda jirgin nan bai taɓa aljihunsa ba, domin shekara da shekaru kuɗin gyaɗarsa a kan nisan gonarsa da tasha a ke yanka shi. Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan takarda shi ne, wurin da aka kafa tashar kaya ba ya zuwa haka kawai. Gardama a ke yi kafin a tsai da shi, kuma sau da yawa waɗanda abin ya fi shafa ba su cikin masu gardamar.

Gardamar Baro da Ikko

Gardama ta fari tsakanin Turawan mulki aka yi ta. Gwamna Lugga ya so Arewa ta sami hanyarta ta kanta zuwa teku, watau a ja dogo daga Kano zuwa bakin Kwara, a riƙa juye kaya cikin jiragen ruwa. Gwamnan Ikko kuwa, Sir Walter Egerton, ya ce abin da ya fi shi ne a miƙa dogon Ikko, wanda ya riga ya kai Ibadan tun 1901, ya ƙetare Kwara ya shiga Arewa, kayan ƙasa duka su bi ta tasharsa. Kowa ya san inda kaya su ke fita can kuɗin kwastan ya ke zuba, saboda haka ba wanda ya yarda ya saki.

A 1907 gwamnatin Ingila ta raba gardamar da yardar wa kowa. Aka aiko Sir Percy Girouard, mutumin Kanada wanda ya yi suna wajen shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan, ya gaji Lugga. Aka yarda a ja layi daga Baro zuwa Kano, mil 356, bisa ƙiyasin fam 3,000 kowane mil, Kudu ce kuma ta ɗauki nauyin bashin. Aka kuma yarda layin Ikko ya ci gaba. Ma'aikata ta hannun sarakuna da hakimai aka samo su, mafi yawa Nufawa da Gwarawa da Zagezagi, aikin kuwa na tilas ne ko da ya ke ana biyan lada.

Dogo ya iso Kano cikin watan Maris 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, shekarar da layin Ikko ya haɗu da shi a Minna. Nan da nan gaskiyar Egerton ta fito. Manyan jiragen ruwa ba su iya kaiwa Baro sai 'yan watannin da Kwara ta cika, ita kuwa hanyar Ikko rani da damina tana aiki, balle da aka gama gadar Jebba a 1916. Garin da aka zana don ya zama ƙofar Arewa sai ya koma ƙauye a ƙarshen reshe.

Filin Tasha a Kano

Gardama ta biyu ta fili ce. A zamanin Sarkin Kano Abbas aka kafa tasha bayan ganuwa, gabas da birni, kusa da Nasarawa. Kamfanonin Turawa, irin su Niger Company da John Holt da London and Kano, bukatarsu su kusanci Kasuwar Kurmi, inda ciniki ya ke tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Hukuma ta ƙi, ta hana baƙi zama cikin birni, ta yanka musu filaye kusa da tasha, wurin da jama'a su ka riƙa kira Kanti. Aka ware Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikatan reluwe da akawuna 'yan Kudu, Kwarori su ka sami unguwarsu wajen Fagge, aka kuma bar fili fetal na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na sauran mutane. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da wannan tsari.

Abin da ya sa hukuma ta iya yanka filayen nan ba wata ja-in-ja shi ne dokar ƙasa ta 1910, wadda ta fito daga binciken da Girouard ya sa aka yi a 1908. Dokar ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Ta wani fuska ta tsare talakawa, don ta hana baƙi saye gonakinsu. Ta wani fuskan kuwa, ran da hukuma ta bukaci gona, mai ita ba shi da abin cewa sai dai ya karɓi diyyar shuka da gini. Dokar 1962 ta Jihar Arewa da ta 1978 wadda ta game Nijeriya duka a kan wannan tushe aka gina su.

Gyaɗa Ta Kā da Auduga

Masu masaƙun Lankasha, waɗanda su ka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, su ne su ka fi matsa wa gwamnati a kan dogon nan, suna tsammani Kano za ta cika musu jirage da auduga. Ba su lura masaƙan Kano sun fi su biyan kuɗi mai kyau ba. Fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, su ka karɓi jarin kamfanoni su ka baza yaransu ƙauyuka neman gyaɗa, abar da manomi zai ci in ba ta sayu ba. A 1913 gyaɗar da ta fita Nijeriya ta haura tan 19,000, har tasha ta cushe, jirage su ka kasa kwashewa. A shekarun nan ne kuma ayarin Tarabulus ya mutu, domin Italiya ta kama garin a 1911, Larabawan Kano su ka koma aika fatunsu ta Ikko.

Rabon Ƙasar Katsina

Sa'ad da a ke wannan duka, Katsina yanki ce cikin lardin Kano, ba ta zama lardi mai Razdan nata ba sai 1934. Da aka tashi ƙara dogo, sai aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Auduga ce ta ja layin zuwa kudancin Katsina, inda ƙasa ta ke da laka. Funtuwa, wadda dā ƙaramin gari ce cikin ƙasar Maska, ta sami tasha da injin gurzar auduga da kantuna, har ta zama mazaunin Sarkin Maska. Birnin Katsina, na Sarki Muhammadu Dikko, bai sami ko taku ɗaya na dogo ba. Faɗuwar kasuwar duniya ta 1929 ta tsai da sabon gini, da aka koma kansa kuwa a 1958, Barno aka nufa, layin ya isa Maiduguri a 1964.

Ƙasar Kanwa da ta Bebeji, watau Kankiya da Kusada, jigawa ce mai son gyaɗa, tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, wajen mil 70 daga tashar Kano. Da fari a jakai da raƙuma a ke kai buhuna, daga baya manyan motoci su ka karɓe. Bayan da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, a kan yanka kuɗin tan a bakin dogo, sa'an nan a zabge kuɗin ɗauka gwargwadon nisan kowane wurin awo. Ashe ke nan manomin Kunduru shi ya ke biyan kuɗin motar da ta kai gyaɗarsa Kano, ko da ya ke bai taɓa ganin takardar lissafin ba. Ga shi kuwa ko ta isa can sai ta yi watanni cikin dala, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ba ta da isassun kawuna da tarago. Gyaɗar Maraɗi ma ta nan ta ke bi zuwa Kano, sai wajen 1953 Faransawa su ka shiga karkata ta zuwa Kwatano. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su ka kawo ƙarshen wannan zamani.

Tsohuwar Gardama Cikin Sabuwar Riga

A 2006 gwamnatin tarayya ta zaɓi wurare shida don kafa tashoshin kaya na tudu, inda za a riƙa yin aikin kwastan kamar a bakin teku. Kano da Funtuwa suna ciki, watau inda dogon Turawa ya riga ya bi. Ta Dala, a Zawaciki, sai 2023 aka buɗe ta, ta Funtuwa kuwa 2024.

Ran 9 ga Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan dala miliyan 1,960. Masu suka, musamman a Kudu, su ka ce don me za a ci bashi a kai dogo wata ƙasa. Gwamnati ta amsa da cewa so a ke kayan Nijar su bar Kwatano da Lome su dawo Ikko. Mai karatu zai ga maganar Egerton ce da ta Faransawan 1953 ta komo. Layin an zana shi ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Birnin Katsina ya shiga lissafi bayan shekara ɗari da goma, amma Kankiya da Kusada, waɗanda su ke kan miƙaƙƙiyar hanya, an sāke kewaye su.

Abu uku su ke maimaituwa cikin tarihin nan. Na ɗaya, masu zaɓen hanya suna duban tashar teku da kuɗin shiga, ba su duban gona. Na biyu, mai fili diyyar abin da ke bisa ƙasa kaɗai doka ta ba shi. Na uku, garin da aka kewaye yana biyan kuɗin nisa ko ba a sa masa haraji ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lokacin da ya kamata jama'a su yi magana shi ne sa'ad da a ke awon hanya, domin in an aza ƙarfe jikoki ne za su zauna da shi. Saboda haka ya dace malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su zauna da dattawan garuruwa irin su Kunduru, su rubuta inda a ke awon gyaɗa dā, da wanda ya ke awon, da nawa a ke zabgewa. Wannan shi ne rabin tarihin reluwe da ba ya cikin fayilolin Kaduna.