Zuwan Malam Aminu Kano Landan a 1946

A shekarar 1946 ne Malam Aminu Kano, wanda ke koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, ya isa Landan domin karatun shekara guda a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan. Shekarunsa 26 a lokacin. Abokin aikinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa cibiyar a 1945.

A wancan zamani matafiya daga Najeriya kan hau jirgin ruwa ne a Legas, su shafe kusan mako biyu a teku kafin su sauka a Liverpool.

Landan ɗin da ya tarar ba ta yi kama da hedikwatar daular da ke mulkin ƙasarsa ba. Bai fi shekara guda da gama yaƙin duniya na biyu ba, unguwanni da dama sun zama kufai. Nama da sukari da tufafi sai da kati ake saye, kuma a watan Yulin 1946 aka haɗa har da burodi, abin da ko lokacin yaƙi ba a yi ba. Farkon 1947 kuma aka yi wani matsanancin sanyi, kwal ya yi ƙaranci, ana ɗauke wutar lantarki.

Gwamnatin Leba ta Clement Attlee ce ke mulki, tana shirin ba Indiya 'yanci. Malam Aminu ya cuɗanya da 'yan gurguzu da ɗaliban sauran ƙasashen da ake mallaka.

Bayan ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa, ya shiga jam'iyyar NEPU.