Ɓauna da Kaza a Tarihin Cimar Hausawa

A yau idan mutum ya gaji da kaza ya nemi naman ɓauna ko na gwanki, sai a ce ya zo da baƙon abu. Alhali kuwa a da, kaza ba cimar kullum ba ce. Akan yanka ta ne don baƙo ko ranar Salla. Naman daji kuwa maharba ke kawo shi, a ƙarƙashin Sarkin Baka, a yi bandarsa a kai kasuwa.

Abubuwa uku suka juya wannan al'amari. Na farko, annobar bushiya ta wajen 1890 ta karkashe ɓakane tare da shanu. Na biyu, noma ya cinye dazuzzuka. Na uku, hukuma ta keɓe dajin Yankari a 1956, kuma dokar namun daji ta 1963 ta taƙaita farauta a Arewa. Daga baya kajin gidan gona suka cika kasuwanni.

Saboda haka mai neman canji ya dubi zabo, zomo ko raƙumi, waɗanda ake kiwo. Ɓaunar da ta rage, ta jikokinmu ce.