Wuƙar Sojojin Ƙundumbala: Tarihinta da Yadda Za Ka Zaɓi Kwafinta Mai Araha

A tsakiyar shekarar 1940, bayan Jamusawa sun kori sojojin Birtaniya daga Faransa ta gaɓar Dunkirk, Firaminista Winston Churchill ya ba da umarni a kafa ƙananan rundunonin ƙundumbala da za su riƙa kai hari cikin dare su koma. Irin wannan aiki ba ya son ƙarar bindiga. Aka nemo mutum biyu da suka dawo daga Shanghai ta ƙasar Sin su horar da su: William Fairbairn, wanda ya shafe sama da shekara 30 a rundunar 'yan sandan birnin, da abokinsa Eric Sykes, gwanin harbi. Shanghai ta lokacin gari ne na 'yan daba da faɗan lungu, can suka ga abin da wuƙa ke yi a hannun wanda ya iya ta.

A watan Nuwamba na 1940 suka zauna da kamfanin Wilkinson Sword a Landan, suka bayyana irin wuƙar da suke so. Farkon 1941 aka fara ƙera ta, kuma sunansu ta ɗauka: Fairbairn-Sykes, ko F-S a taƙaice. Siririya ce mai baki biyu, tsawon ruwanta kusan inci 7, tsininta kamar allura. Ba ta yanka albasa, ba ta fiƙe itace. Suka ne babban abin da aka yi ta domin shi. Har yau hotonta na kan bajen sojojin ƙundumbala na Royal Marines.

Mai son sayen kwafinta, abin da ya kamata ya fara sani shi ne wuƙar iri uku ce, kuma dillalai da yawa suna cin kuɗin mutane ne ta wannan ƙofa. Samfurin farko shi ne na alfarma. Ƙotarsa ta tagulla ce da aka yi wa zanen ƙananan murabba'ai don kada ta zame a hannu, ƙarfen da ke kare yatsu ya lanƙwasa kamar harafin S, sannan a gindin ruwan akwai wani fili marar kaifi inda aka zana sunan kamfani. Da hannu ake wasa kowace ɗaya, shi ya sa dubbai kaɗan aka yi. A cikin 1941 ɗin aka sauƙaƙa aikin, samfuri na biyu ya fito: makarin yatsu ya miƙe, filin gindin ya ɓace, amma ƙotar tagulla ta zauna.

Sai yaƙi ya yi tsanani. Tagulla ta zama abin da ake rububi a kai don yin kwanson harsashi, ga sojoji na ƙaruwa. Aka koma zuba ƙotar a ma'auni da gaurayen ƙarfe mai tutiya, aka yi mata zobba-zobba a maimakon zanen murabba'i, ruwan kuma inji ya riƙa wasawa a mafi yawan lokuta. Wannan shi ne samfuri na uku, kuma maƙeran birnin Sheffield da dama suka shiga aikin. Masu amfani da shi sun yi ƙorafin yana juyawa a hannu in ya jiƙe, nauyinsa kuma bai zauna daidai kamar na farko ba. Duk da haka shi aka fi ƙerawa nesa ba kusa ba, shi ne ya fi yawa a ƙugun sojoji.

To ka ga ke nan wuƙar da yawancin mayaƙan suka riƙe, ita kanta ta araha ce tun asali. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya nemi kwafin samfuri na uku. Abin da aka ƙera cikin sauƙi a lokacin yaƙi ba shi da wuyar kwaikwaya yanzu, kuma har gobe akwai kamfanonin Sheffield da ke yin sa da sunaye irin su J. Nowill & Sons da William Rodgers. Kwafin samfurin farko mai kyau yana buƙatar aikin hannu. In ka gan shi da arha sosai, to an yanke wani abu a hanya.

Wajen dubawa, fara da abin da ido ba ya gani. Ruwan wuƙar yana da wutsiya da ta ratsa cikin ƙota har ƙarshe, inda aka ɗaure ta da noti. A kwafi marasa kyau, siririn ƙarfe ake liƙawa da walda a gindin ruwan, nan take karyewa ko da faɗuwa ta yi a siminti. Girgiza ta kusa da kunne. In makarin yatsu na motsi, ajiye. Ɗora ta a kan yatsa, nauyin ya kamata ya karkata wajen ƙota, ba wajen tsini ba. Kalli layin da ya raba ruwan biyu: ya tafi sak daga gindi zuwa tsini. Na zamanin yaƙi ƙarfe ne mai yin tsatsa in ba a shafa mai ba, kuma da yawa an baƙanta su don kada su yi walƙiya da dare. Mai ƙyalli kamar cokalin amarya ta yi nisa da tarihi. Kuben kuma na fata ne, da ƙarfe a ƙarshensa, da 'yan kunnuwan fata a gefe da soja ke ɗinkewa a jikin wando.

Babbar asara ba a kwafin da aka kira kwafi take ba. Tana cikin kwafin da aka jiƙa ya yi tsatsa, aka buga masa alamar kibiya ta gwamnatin Birtaniya, aka ce na yaƙi ne. Buga wannan alama ba wuya, kowane maƙeri zai iya. Haka kalmar ENGLAND da ake gani a kan wasu: bayan yaƙi aka buga ta a kan rarar wuƙaƙen da aka kai Amurka sayarwa, don haka ita kaɗai ba ta nuna wuƙar ta taɓa zuwa fagen fama.

Wani ma zai ce maka irinta kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama. A yi hattara. Gaskiya ne bataliyoyi uku na sojojin Nijeriya sun yi yaƙi cikin rundunar Chindit a 1944, amma abin da aka san sojojin Afirka ta Yamma da shi a wancan daji shi ne adda, wadda ke sare hanya, ta yanka gora, ta kuma yi faɗa in ta kama. Amurkawa ma sun gwada siririyar wuƙa irin F-S, suka ga tsininta na karyewa in an buɗe gwangwani da ita, sai sojojin ruwansu suka rungumi Ka-Bar a ƙarshen 1942, mai kauri da ƙotar fata. Wanda ke son wuƙar da zai yi aiki da ita, kwafin wannan ya fi masa.

F-S kayan ajiya ce, a bango ko cikin akwatin gilashi, nesa da hannun yara. Mu da ke zaune a garuruwan Kudu, muna bin hanyoyi masu shingayen bincike, mun san yadda ƙaramin abu ke zama babba. Doka ta hana yawo da makami a bainar jama'a ta yadda zai tsorata mutane, kuma ɗan sandan da ya ga wuƙa mai baki biyu a jakarka ba zai tsaya jin labarin Shanghai ba. In ka saya, ka riƙe rasit ɗin da ya nuna kwafi ce, ka kai ta gida a naɗe cikin kwalinta.