Karaye da Rogo: Ta ina tallafin raya karkara ke bi kafin ya kai ga talaka?

Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo suna kudu maso yammacin jihar Kano, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar. Mazaɓa ɗaya suke da ita a majalisar wakilai ta tarayya, sannan tun watan Yulin 2024 su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu.

A ƙidayar 2006, Karaye na da mutane kimanin dubu 141, Rogo kuwa, wadda ke iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, na da sama da dubu 227. Kowacce tana da mazaɓu goma. Akasarin jama'ar manoma ne, masu noman masara da dawa da shinkafa da waken suya, da kuma rake da tumatir da barkono a fadamu.

A irin waɗannan yankuna, idan aka ce za a raba jari ga mata, ko za a gina rijiyar burtsatse a wata unguwa, sakatariyar ƙaramar hukuma ce mutane ke fara dosa. Amma kaɗan ne daga cikin irin wannan tallafi ke fitowa daga shawarar ƙaramar hukumar kanta. Mafi yawansa a Kano ko Abuja ake tsara shi, wani ma a ofishin Bankin Duniya, sai a bar wa ƙaramar hukuma aikin tattara sunaye.

Kuɗin ƙaramar hukuma

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa. Ya kuma ce su sa hannu a ilimin firamare, da koyar da sana'o'i, da kiwon lafiya, da aikin gona. Wato kusan duk abin da ke damun unguwar talaka yana cikin huruminsu.

Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar na samun kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi na samun kashi 26.72, gwamnatin tarayya kuma kashi 52.68. Suna kuma da kashi 35 cikin ɗari na harajin kayan masarufi. Abin da ƙaramar hukumar karkara ke tarawa da kanta, daga kuɗin rumfa da na tasha, bai taka kara ya karya ba.

Matsalar ita ce hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta cikinsa kason ya riƙa wucewa. Tun daga can ake cire albashin malaman firamare, da kuɗin fansho, da kason masarautu, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa. Idan aka biya ma'aikata da abin da ya rage, ba kasafai ake samun wani abin kirki na raya unguwanni ba.

Misalin da mutanen Kano suka fi sani shi ne aikin titi mai tsawon kilomita biyar da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a hedkwatocin ƙananan hukumomi tsakanin 2011 da 2015, da kuɗin haɗin gwiwa. Aikin ya tsaya a wurare da dama na tsawon shekaru, kafin gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta koma kansa bayan 2023. Titi a tsakiyar gari abu ne mai amfani, to amma ba manomin da ke neman hanyar fito da rake daga fadama ne ya zaɓe shi ba.

A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta yi yunƙurin hana gwamnoni taɓa asusun, ta kuma taƙaita cire tsabar kuɗi zuwa naira dubu 500 a rana, lamarin da ya sa gwamnonin suka garzaya kotu. Ranar 11 ga watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tare da haramta shugabancin riƙo.

Rabon kan-mai-uwa-da-wabi

Abin da ya fi shafar Karaye da Rogo kai tsaye shi ne yadda ake ƙididdige kaso a shirye-shiryen tallafi. Sau da yawa ana ware adadi guda ne ga kowace ƙaramar hukuma, ba tare da duba yawan jama'arta ko tsananin talaucinta ba.

A watan Janairun 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin ɗaukar mutane dubu 774 aikin wucin gadi, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a kan naira dubu 20 a wata na tsawon wata uku. Idan aka auna da ƙidayar 2006, gurbi ɗaya ke nan ga kowane mutum 141 a Karaye, a Rogo kuwa gurbi ɗaya ga kowane mutum kusan 228.

Haka kuma a jawabinsa na 31 ga watan Yulin 2023, bayan janye tallafin man fetur, Shugaba Bola Tinubu ya yi alkawarin bai wa ƙananan 'yan kasuwa 1,300 a kowace ƙaramar hukuma naira dubu 50 kyauta. Bankin Masana'antu ne ya raba kuɗin a 2024.

Ita ma gwamnatin Kano ta fara a 2024 raba naira dubu 50 ga mata 5,200 a wata: mata 200 daga kowacce cikin ƙananan hukumomi takwas na birni, da mata 100 daga kowacce cikin sauran 36. Wato Karaye 100, Rogo 100, kimanin mata goma ke nan a mazaɓa. Matar da ke Zarewa ko Fulatan ko Ruwan Bago a Rogo tana takara ne da mata da suka fi yawa a kan gurbi guda, idan aka kwatanta da 'yar uwarta ta Yammedi ko Turawa a Karaye.

Masu kare wannan tsari na cewa shi ne ke hana rigima, domin babu yankin da zai ce an fifita wani a kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman a ƙasar da ba a sake ƙidaya ba tun 2006. Ko a rabon kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 40 cikin ɗari daidai-wa-daida ake raba shi, kashi 30 ne kawai ke bin yawan jama'a. Sai dai daidaiton na tsakanin sakatariya da sakatariya ne, bai kai ga gida da gida ba.

Girman kuɗin ma abin dubawa ne. Naira dubu 50 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 ba. Tana iya zama jari ga mai ƙuli-ƙuli ko mai sayar da awara, amma a gidan da babu hatsi a watan Agusta, cefane ne zai fara cin jarin.

Wa ke rubuta sunaye?

A nan ne ƙaramar hukuma ke da ƙarfi na gaske. Shugaba da kansiloli, da jami'an sashen walwala da raya al'umma, su ne ke tattara sunaye, yawanci tare da hakimi da dagatai da masu unguwanni, a wasu lokutan kuma da shugabannin jam'iyya na mazaɓa. Ƙorafin cewa siyasa na shiga rabon tsoho ne, kuma a ko'ina cikin ƙasar ana yin sa.

An gwada hanyoyin rage wannan. Gwamnatin Kwankwaso ta kafa kwamitocin CRC a ƙananan hukumomin jihar, waɗanda suka haɗa masu sarauta da malamai da dattawan gari, aka ba su kula da ciyar da ɗaliban firamare da gyaran azuzuwa da koya wa mata sana'a. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau kuma aka kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003.

A matakin tarayya, tun daga 2016 aka riƙa haɗa rajistar gidajen talakawa ta ƙasa, inda ake tara mutanen ƙauye, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi da bakinsu waɗanda suka fi shan wahala a cikinsu. Da wannan rajista aka riƙa biyan naira dubu biyar a wata. A watan Yulin 2023 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta nuna shakku a kan sahihancin rajistar.

Sabbin shirye-shiryen sun ƙara wani sharaɗi: lambar BVN ta banki, da lambar NIN ta ɗan ƙasa, wani lokaci ma da cike takarda ta intanet. Wannan na rage sunayen bogi. Yana kuma barin tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba a baya, alhali ita aka fi nufa da tallafin. Gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta kafa ƙananan bankuna 37 a ƙananan hukumomi domin cike irin wannan giɓi.

Tallafin da al'umma ke riƙe da kanta

Akwai wani tsarin na dabam, wanda ya fi kusa da aikin gayya da Hausawa suka saba. Maimakon a raba kuɗi hannu-hannu, sai a bai wa unguwa ko ƙungiya, su zaɓi aikin da suke so, su kafa kwamiti, su buɗe asusu, su kuma kawo nasu kason.

Shirin Fadama na uku, wanda Bankin Duniya ya zuba wa dala miliyan 250 kuma ya shafi dukkan jihohi, ya yi aiki ta ƙungiyoyin masu amfani da fadama. Ƙungiya ce ke rubuta buƙatarta, ko injin ban-ruwa ko injin niƙa ko ƙaramar gada, ta biya wani ɓangare na kuɗin, shirin ya cike saura.

Shirin CSDP, daga 2009 zuwa 2021, ya bi wannan hanya wajen gina azuzuwa da ƙananan asibitoci da rijiyoyi. Al'umma kan kawo kashi goma cikin ɗari, da kuɗi ko yashi ko ƙarfin jiki, kuma akwai kwamitin ƙaramar hukuma da ke duba buƙatun. Jihar Katsina, maƙwabciyar Rogo, tana cikin jihohin da suka daɗe a tsarin, tun daga shirin LEEMP da ya gabace shi. Bayan annobar korona aka kawo NG-CARES mai dala miliyan 750, wanda ya haɗa dukkan jihohi har da Kano, ya kuma ƙunshi tallafin manoma da na ƙananan sana'o'i.

Irin wannan aiki ya fi daɗewa, domin wanda ya ɗebo yashi da hannunsa ba ya zuba ido famfo ya lalace. Rauninsa shi ne kason farko. Unguwar da ke da 'yan boko da 'yan kasuwa a birni ita ke saurin rubuta takarda da tara kuɗi, rugar Fulani ko ƙauyen da ke can bakin iyaka kuwa sai labari ya iske su a makare.

Wani gwajin da ya bai wa ƙananan hukumomi kuɗi bisa sharaɗi shi ne na muradun ƙarni. Bayan yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, an ware rarar domin yaƙi da talauci, kuma a 2011 aka zaɓi ƙananan hukumomi 113 aka ba su tallafin lafiya da ilimi da ruwan sha. Gwamnatin tarayya ta ba da rabi, jiha da ƙaramar hukuma suka cike rabin.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, dokar 1974 da Shugaba Gerald Ford ya sanya wa hannu ta kafa tallafin raya al'umma da gwamnatin tarayya ke bai wa birane da gundumomi. Ana lissafa kason kowane wuri da ma'aunai irin su yawan jama'a da talauci da cunkoson gidaje, kuma dole aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya amfani masu ƙaramin ƙarfi. Kenya ta kafa asusun raya mazaɓu a 2003, inda a tsarinsa na farko ake raba kashi uku cikin huɗu daidai-wa-daida, kashi ɗaya kuma bisa yawan matalauta.

Nijeriya ma tana da alƙaluman da za a iya yin irin wannan lissafi da su. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce mutane miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kashi 72 cikin ɗari na mazauna karkara, da kashi 42 na mazauna birane. Kano ce ke kan gaba a yawa, da sama da mutane miliyan goma.

Babbar kadarar gwamnati a yankin dai ita ce madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992. Tana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, kuma ruwan da ake saki daga cikinta na taimaka wa birnin Kano. Ƙaramar hukumar da madatsar ke cikinta ba ita ke da iko da ita ba.

Karaye da Rogo sun sami zaɓaɓɓun shugabanni a zaɓen 26 ga watan Oktoban 2024, wanda aka gudanar ana tsakiyar taƙaddama a kotuna, kuma jam'iyyar NNPP ta lashe dukkan kujeru 44. Hakan ya cika sharaɗin farko na hukuncin Kotun Ƙoli. Batun biya kai tsaye kuwa, an shafe shekarar 2025 ana ja-in-ja a kansa tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnoni da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE, musamman a kan buɗe asusun kowace ƙaramar hukuma a Babban Bankin Nijeriya.