Tallata Haja a Lokutan Sallah: Bayani ga Ƙananan 'Yan Kasuwa

Lokutan Sallah su ne kakar ƙananan 'yan kasuwa. Ƙaramar Sallah tana kamawa 1 ga Shawwal, Babbar Sallah kuma 10 ga Zulhajji, tsakaninsu kimanin kwana 70. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Sallah takan riga ta bara zuwa, don haka muna shawartar jama'a da su tsara ciniki bisa lissafin wata.

Lokacin Shiri

Mai sayar da atamfa da shadda ya kamata ya yi sari a manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari ta Kano tun cikin Sha'aban, kafin masu saye su yi yawa farashi ya hau. Tela ya sanar da ranar da zai daina karɓar ɗinki, domin saɓa alkawarin kayan Sallah yana korar abokin ciniki har abada. Mai turkar raguna ya saya a Maigatari ko Wudil wata uku ko huɗu kafin Zulhajji, ya kuma zaɓi lafiyayyu, tun da gurgu da mai ido ɗaya ba sa yin layya.

Hanyoyin Talla

A karkara sanarwar rediyo da shela ranar kasuwa suna isa kunnuwan da takarda ba ta kai wa. Mai wayar hannu yana iya saka hoton kaya a WhatsApp ko Facebook, tare da farashi da wurin shago. Gyara ga wanda ya sayi da yawa da karɓar biya kaɗan-kaɗan kafin Sallah suna jawo masu saye, amma a rubuta kowane biya a littafi. Ƙarancin takardun naira na 2023 ya nuna amfanin karɓar kuɗi ta banki ko POS.

Abin Kiyayewa

Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana tallar yaudara. Kayan gwangwani da na kwalliya su kasance da lambar NAFDAC, kuma a duba ranar lalacewarsu. Kada a ci bashi a tara kayan yayi, domin bayan Sallah kasuwa takan kwanta.

Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su keɓe wurin sayar da dabbobi da wuri, su gayyato ma'aikatan lafiyar dabbobi, su kuma ba da rasit kan duk harajin da aka karɓa. Mai neman horo ya tuntuɓi hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 domin bunƙasa ƙananan sana'o'i.