Taba a Bakin Mata: Gyara ga Hanyar Bincike a Karkarar Katsina

Binciken shan taba tsakanin manya da aka gudanar a Nijeriya a 2012, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna kashi 10 cikin ɗari na maza suna amfani da taba, mata kuwa kashi 1.1 kacal. Ƙanƙantar wannan adadi ta sa masu tsara manufofi sun kau da kai daga mata. Wannan maƙala tana ganin an yi gaggawa.

Idan aka rarrabe alƙaluman, matan da ke busa hayaƙi kashi 0.4 ne, masu cusa garin taba a leɓe ko shaƙa kuwa kashi 0.9, wasu kuma suna haɗa biyun. Ke nan akasarin tabar mata ba ta hayaƙi, ba ta kuma fita zaure. A ƙasar Hausa tana da tsohuwar saiwa: 'yan mata sun daɗe suna goga furen taba da goro don rina haƙora, tsofaffi kuma suna ɗaukar garinta maganin ciwon haƙori. Kanwar da ake haɗawa da garin ba don ɗanɗano kaɗai take ba, tana sa nikotin saurin ratsa fatar baki. Nan jarabar take. Illar kuwa sananniya ce: sankarar baki, ga mai juna biyu kuma haihuwar bakwaini ko mutuwar ɗa a ciki.

Sai matsalar tambaya. A ƙauyukan yankin Dutsin-Ma da Kurfi, baƙo namiji mai takarda a hannu ba ya wuce zaure. In ma ya wuce, wace matar aure ce za ta amsa cewa tana amfani da taba a gaban maigida ko uwar miji? Kunya takan rage adadi tun kafin ya hau takarda.

Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta fi ƙarfi kan kwalin sigari, talla da wuraren taron jama'a. Ƙullin garin taba na kasuwar ƙauye ba shi da kwalin da za a buga wa gargaɗi. Saboda haka aikin raba mata da taba sai ya bi ta asibitin awon ciki da hannun ungozoma, masu tambayar kuma su kasance mata. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗalibai mata 'yan yankin da za a bari su shiga har ɗaka.