Majigi, Aljanin Tulu da Albasar Aliero

Ran 8 ga Disamba, 1953, Shugaban Amurka Eisenhower ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a juya ƙarfin nan da ya hallaka Hiroshima da Nagasaki cikin 1945 zuwa ga aikin zaman lafiya. To, da ya ke ba a lallashin mai tsoro da jawabi kaɗai, sai aka dinga shirya finafinan ilmantarwa. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Disney na 1957, mai kiran ƙwayar zarra abokiyar ɗan Adam. Masanin kimiyya Heinz Haber ne ya yi bayani a cikinsa, ya kuwa ɗauko labarin masunci da aljanin tulu, wanda duk mai karatun Dare Dubu da Ɗaya ya sani. Mutum ne masuncin, aljanin shi ne ƙarfin zarra, bukatun da aka roƙe shi kuwa uku: makamashi, da abinci tare da lafiya, sa'an nan salama. Har tarkunan ɓera aka jera, kowanne da 'yan ƙwallaye bisansa, aka jefa ɗaya, duka suka tashi, don a nuna yadda fashewar ƙwaya guda ke jawo ta dubbai.

A zamanin nan Jihar Arewa ta saba da irin wannan makaranta. Motar majigi kan zaga larduna, har da na Sakkwato inda Jega ta ke a lokacin, a kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar isha'i, tafinta na fassara da lasifika. Darussanta tsabta ne da noma, kamar na Baban Larai.

Amma fa abin da ya kafa labarin zarra a zukatan mutanen Arewa ba hoto ba ne, iska ce. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, watau ta inda hunturu ke busowa. Bayan gwaji na uku, Nijeriya ta kori jakadan Faransa cikin Janairu, 1961. Harshe ma ya ba da shaida. Malamai sun ari "zarra" daga Larabci, 'yan jarida suka ari "nukiliya", amma sunan da Bahaushe ya ƙera da bakinsa shi ne "ƙare-dangi". Babu takwararsa a ɓangaren amfani.

Alkawarin bai zama ƙarya ba ɗungum. Nijeriya ta kafa hukumar makamashin zarra cikin 1976, cikin 2004 kuma aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ana auna ƙasa da ma'adinai da ita.

Bukata ta biyu, ta abinci, ita ce ta shafi ƙasar Jega kai tsaye. Tun shekarun 1950 aka san cewa in an haska wa albasa ɗan hasken gama, ba ta tsiro a ajiya. Aliero kuwa gidan albasa ce, kuma tsiro da ruɓa su ne ɓarayin manominta tsakanin girbi da lokacin tsada. Akwai na'urar wannan aiki a Sheda, kusa da Abuja, tafiyar yini a mota daga kasuwar Jega. Manomin Aliero da na Maiyama dai a rumbun kara su ke zuba albasarsu, su riƙa dubawa suna tsame wadda ta lalace.